Cutar da Ba Ta Dace da Motar Darakta Ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi ritaya yana darakta a wata ma'aikatar jiha. Abin da ya tsira da shi daga aikin gwamnati bai wuce al'adar kafa kwamiti a kan komai ba, sai kuma wata tsohuwar jif ruwan toka da ya saya a gwanjon ma'aikatar. Motar ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunsa. Ta yi yawon duba ayyukan da ba a yi ba a ƙananan hukumomi, ta kai manya buɗe rijiyoyin da ba su da ruwa, ta dawo da su da raguna da buhunan shinkafa a baya. Kawu ba ya son a kira ta tsohuwa. Shi dai cewa yake yi tana da ƙwarewar aiki.

Direban da gwamnati ta ba shi ya tafi tare da ofis. Kawu kuwa bai taɓa koyon tuƙi ba, don a ganinsa darakta ba ya riƙe sitiyari. Ni ina koyarwa a wata sakandare a Jimeta, na kuma yi gangancin nuna na iya mota wata rana a wajen biki. Tun daga ranar na zama direba, ba takardar ɗaukar aiki, ba albashi. In an tashi makaranta sai in hau keke mai ƙafa uku daga Luggere, inda nake haya, zuwa gidansa a Adarawo, in gaishe shi, in ji inda za mu.

Wannan ya faru ne a shekarun da garuruwan arewacin jihar suke faɗawa hannun masu tada ƙayar baya ɗaya bayan ɗaya. Ko sunansu ba ma kira a lokacin, sai dai mu ce "mutanen nan". Gidan Kawu ya cika da dangin da suka gudo, wasu a ƙafa ta kan duwatsu, wasu ta Kamaru suka zagayo. Har ƙarƙashin mangwaron tsakar gida ana kwana. Matarsa, wadda muke kira Goggo, ita ke fama da tukwane tun safe, shi kuma ya ɗauki ɓangaren tsare-tsare. Bayan la'asar yakan tara baƙin ya yi musu lacca. Yakan ce kada wanda ya shigo masa gida da laya ko guru, tsari yana wurin Allah, bayan haka sai shiri, kuma shi mutum ne da ya yi boko tun ana rabon madara a makaranta.

Shirin nasa kuwa jif ɗin ce. Kullum a ajiye ta hancinta na kallon ƙofar gida, tankinta cike, don ranar da aka ce mutanen nan sun doso Yola a yi kudu. Matsalar ita ce Kawu mutum ne mai son a gode masa. Duk wanda ya gaishe shi da kyau ya nuna tsoro, sai ya yi masa alkawarin kujera. Limamin unguwa yana da kujera, mai shayin bakin layi yana da kujera, wanzaminsa ma haka. Da duk masu alkawari za su zo rana ɗaya, tirela ma sai ta yi sawu biyu.

Ana cikin haka wata ƙaramar fitila ruwan lemo, mai siffar inji, ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Motar ta fara rawar ɗari in tana tsaye. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tari, ta yi kamar za ta shiɗe, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya.

Muka kai ta wajen Baba makanike, wani dattijo da ke aiki a gindin bishiya a cikin Yola. Shi ke gyara wa Kawu mota tun zamanin tsofaffin motoci masu kabireta. Kayan bincikensa kunne ne da doguwar sukundireba: ya kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido. Ya saurari jif ɗin ya ɗago.

"Barkama," ya ce, wato ranka ya daɗe da Fulatanci, "lafiyarta ƙalau. Sanyi ne ya ɗan kama ta."

"Fitilar fa?" in ji Kawu.

"Wannan ta Turawa ce. Su mutane ne masu tsoro, komai sai sun sa masa fitila."

Ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. Kawu ya gamsu, don ya sha ganin matsalolin da suka fi wannan girma an warware su ta haka.

Salatif ya yi aikinsa, motar ce ba ta san an warke ba. Tsakanin Yola da Jimeta akwai shingen sojoji na buhunan yashi, kuma kowa ya haddace dokarsa: ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilasai, kada ka taɓa waya, kada ka tsaya inda ba a ce ka tsaya ba. Wata ranar Asabar da hantsi muna kan layi, ina ta lallaɓa totur da yatsan ƙafa, sai da muka zo daidai buhunan yashin jif ɗin ta mutu. Na murɗa makulli, ta ƙi. Na sake murɗawa, sai ta saki wata ƙara, tau, kamar an harba bindigar toka.

Mutanen da ke cikin keken bayanmu suka watse da gudu, har da direban. Wata mata ta bar takalminta a kan kwalta. Kafin in haɗiye yawu bakin bindiga yana kallon goshina.

"Hannu sama! Fito!"

Kawu ya fito hannuwa a sama, hannun babbar rigarsa ya zubo masa a kan fuska. Daga cikin rigar muka ji muryarsa: "Ni tsohon darakta ne!"

Aka buɗe bonet, aka leƙa ƙarƙashin kujeru, aka kwance tayar sifiya. Da sojan ya tabbata ba bam muka ɗauko ba, tsohuwar mota ce kawai, sai tsoronsa ya koma fushi. Ya nuna ni da baki ya ce direba ya koma sitiyari. Sannan ya juya ga Kawu, da Hausarsa ta barikin soja: "Darakta, tura motarka."

Kawu ya tura. Ina kallonsa ta madubi, hula ta karkace, zufa na bin gemu, mutanen da suka gudu suna dawowa suna yi masa sannu. Sai da wani sojan ya tausaya ya sa hannu muka bar wurin. Da ƙyar muka isa gida. Da Kawu ya sauka sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce akwai masu duba mota da kwamfuta?"

Akwai. Wani malami abokin aikina, Kirista ne mutumin kudancin jihar, yana da 'ya da ta karanta aikin injiniya a kwalejin fasaha. Aiki bai samu ba, sai ta sayi na'urar karanta laifin mota, ta kama gefen wani gareji a Karewa. Kowa a garejin Injiniya yake kiranta, wasu da girmamawa, wasu da zolaya. Siririya ce, ba ta da yawan dariya, kuma Hausarta irin ta yawancin 'yan Jimeta ce, mace da namiji duk "ya" ne.

Ta ɓare salatif ɗin, ta durƙusa ta jona waya a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar ta fito da lambobi biyu.

"Baba," ta ce da Kawu, "inji yana cin abu biyu, mai da iska, kuma akwai ma'auni. Motar ya ce iska ya yi masa yawa, mai ya yi kaɗan. Mu muna cewa injin ya rame."

"Ta rame? Tankinta bai taɓa sauka rabi ba."

"Ba a tanki ba, a abin da yake shiga inji. Lamba ɗaya na ɓarin dama ne, ɗaya na hagu, don injin nan ɓari biyu ne. Da ɓari ɗaya ne ya yi kuka, sai mu nemi abin da ke ɓarin. Tunda duka biyu ne, to abin da suke ci tare ne."

Ta sa ni in bar motar a silo, wato a kunne ba tare da taka totur ba, ta nuna mana wani adadi a fuskar na'urar da ya haye sama. Ta ce in taka totur. Na taka, adadin ya sauko.

"Kun gani? In yana tsaye, kwamfutar motar yana ta ƙara mai don ya cike giɓi. In an taka, sai abin ya daidaita. Yawanci wannan iska ne yake shiga ta ɓarauniyar hanya bayan an riga an auna shi. Tiyo ya tsage, ko wani roba ya saki. Mu fara duba nan."

Na ga fuskar Kawu ta canza. Da ta ce injin ya tashi aiki baki ɗaya, na rantse da ya fi jin daɗi.

"Roba?" ya ce. "'Yata, kin san wace mota ce wannan? Kwamishinoni sun zauna a cikinta. Kina nufin roba ce ta sa na tura mota a gaban jama'a?"

Ashe tun bayan abin da ya faru a shingen, ya riga ya shaida wa abokansa na masallaci cewa ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, abin da makanikai ke kira birenbos, kuma sai an aiko da ita daga waje. Cuta ce mai mutunci, wadda za a iya faɗa a majalisa. Tsagewar tiyo kuwa cutar motar haya ce.

Don haka ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba, Baba makanike mataimaki. Aka gayyato wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da kayan mota a Jimeta, wanda a garin aka haife shi, Fulatancinsa ma ya fi nawa. Ya riga ya tura matarsa da 'ya'yansa gida kudu, shi ya tsaya gadin shago. Ni ne sakatare. Injiniya kuma aka ba ta muƙamin mai ba da shawara, wato ta yi magana in an tambaye ta, ba a kuma cika tambayarta ba.

Baba makanike ya ce fulogi ne. Aka canza fulogai shida. Injiniya ta goge lambobin, fitila ta mutu, Kawu ya ce ai ya faɗa. Kafin Juma'a ta zagayo fitila ta dawo.

Mai kayan mota ya ce famfon mai ne, don man 'yan bumburutu duk kananzir ne, kuma yana da famfo ɗan Beljiyam. "Oga, wannan orijinal ne, Bature ya yi amfani da shi kaɗan ya gaji." Injiniya ta ce a bari ta auna ƙarfin tsohon famfon tukuna, in yana da lafiya a bar shi. Shugaba ya ce an ji, za a duba shawarar a zama na gaba. Aka sauke tanki, aka sa famfon Bature. Fitila ta huta kwana biyu ta dawo bakin aiki.

Sai Kawu ya yi tambayar da ya ce tun farko ya kamata a yi. "Wai wa ke kai ƙarar nan? Wa ke gaya wa kwamfuta an rame?"

Injiniya ta ce akwai wasu 'yan na'urori a jikin bututun salansa, suna shinshinar hayaƙin da ke fita, su gaya wa kwamfuta ko mai ya isa ko bai isa ba.

"To su za a canza."

"Baba, su ba su da laifi. Abin da suka gani suka faɗa."

"Shi ya sa," in ji Kawu. Ya yi mata bayani a natse, kamar yadda ake yi wa sabon ma'aikaci, cewa a aikin gwamnati in koke ya zo, wanda ya rubuta shi ake fara canza wa wurin aiki, kuma bai taɓa ganin koken da ya dawo bayan haka ba.

Aka canza su. Sababbin suka kai ƙarar da tsofaffin suka kai.

Akwai abin da na lura da shi a duk zaman nan, amma ban ba shi ma'ana ba. A gefen injin akwai baƙin akwatin roba inda matatar iska take, daga shi wani ƙaton tiyo mai lanƙwasa ya tafi cikin inji. Duk lokacin da Injiniya ta miƙa hannu wajen, sai Baba makanike ya jingina da wurin, ya ɗora gwiwar hannu a kan murfin.

"Nan na duba da kaina. Lafiya lau."

"Baba, bari in gani kawai."

"Yarinya, ina buɗe akwatin iska tun ba a haifi babanki ba."

Ita kuma tarbiyya ba ta bar ta ta ture dattijo ba. Na ɗauka kishin sana'a ne kawai.

Abin da ya kawo ƙarshen kwamitin wata la'asar ce da gari ya rikice. Ina gidan Kawu sai muka ji gudu a titi, ana rufe shaguna, ana cewa mutanen nan sun shigo. Babu wanda ya gan su, amma kowa ya ga wanda ya gan su. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta hargitse. Tsofaffi da yara aka cusa a mota, wasu a kan cinyar wasu, Goggo ta shiga da tukunyar da ta sauke daga wuta don ba ta yarda ta bar abincin yara ba. Liman ya iso da buta da darduma, mai shayi ya iso, wanzami ya iso da matarsa. Kawu na tsaye yana cewa a bi tsari, a bi tsari, ba mai jin sa. Mai kayan mota ya bugo waya daga Jimeta ya ce yana bakin titi da jakarsa, kada a manta da shi. A nan na san shi ma yana da kujera.

Na tada mota, aka wangale ƙofa. Na ɗaga ƙafa kaɗan don kada in taka wata tsohuwa da ta gifta, sai jif ɗin ta mutu a tsakiyar ƙofar, rabi a ciki rabi a waje. Ta toshe hanyar gidan ɗaya tilo. Masu niyyar gudu a ƙafa ma sai ta katanga. Na yi ta murɗa makulli, yara na kuka, liman na salati a bayana. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na jin akwai wanda ya ga abin dariya a ciki sai daga baya.

Wajen magariba labari ya zo cewa tayar wata tanka ce ta fashe. Mutane suka sauko ɗaya-ɗaya, kowa na kauce wa idon kowa. Goggo ta sauko da tukunyarta, ta wuce ta gaban Kawu ta koma wajen murhu.

Washegari da na zo ɗaukar Kawu zuwa gareji, na tarar da Goggo zaune a mota da mayafinta. Tunda nake ban taɓa ganin Goggo a gareji ba. Kawu ya ce mata zaman kwamiti ne. Ta ce ta sani, kallo za ta je.

A Karewa Kawu ya buɗe zama da sanarwar cewa lokaci ya yi da za a tunkari matsalar daga tushe: a kawo birenbos. Ya dubi mai kayan mota. Mutumin ya sosa ƙeya.

"Oga, birenbos dey. Yana shago yanzu haka. Amma ba zan sayar maka ba."

"Saboda me?"

"Jiya na tsaya bakin titi da jaka har aka kira salla, ina jiran motar nan. In ciniki ne, ina so. Amma ni ma fasinja ne. Abeg, a bar yarinyar ya duba."

Goggo ta ce daga inda take zaune a kan benci, "Alhaji, a bar ta ta duba." Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Kawu ya ce dama abin da yake shirin cewa ke nan.

Injiniya ba ta da injin hayaƙi irin na manyan garejoji. Gwangwanin fenti take da shi, da ta huda ta sa wa tiyo biyu. Ta jefa tsumma mai ɗan mai a ciki ta kunna, ta rufe, ta jona tiyo ɗaya a wata 'yar kafa a jikin inji, ɗayan kuma a famfon busa tayar keke. Ta ce in yi ta bugawa. Ta yi mana bayani cewa in babu ɓaraka, hayaƙin zai tsaya a ciki, in akwai, shi zai nuna kansa. Muka sunkuya dukanmu, har da Goggo. Ba a jima ba wani siririn farin hayaƙi ya fara tsiyayowa daga ƙarƙashin ƙaton tiyon nan mai lanƙwasa, dab da akwatin iska, inda ido ba ya kaiwa. Ta lanƙwasa shi da hannu, tsagar ta buɗe baki, yatsa biyu za su shiga.

"Ga shi," ta ce. "Sai an cire. Baba, matsa in buɗe akwatin."

Baba makanike ya dubi Kawu, ya dubi Goggo, ya dubi sama. Sannan ya matsa, a hankali, kamar mai barin gadon asibiti.

Da ta ɗaga murfin, ƙamshin turare ya bugi hancinmu, irin mai maiƙo da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Matatar iskar ta karkace gefe, ta jiƙe da mai. A ƙarƙashinta ga layu biyu kwance gefe da gefe, ɗaya an ɗinke ta da jar fata, ɗaya an naɗe ta da baƙin zare.

Goggo ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Jar tawa ce," ta ce. "Ni na ba Baba ya ɓoye a motar, na ce kada ya gaya wa Alhaji, tunda Alhaji ya yi boko." Ta juyo. "Baƙar fa?"

Mai kayan mota ya shiga duba wayarsa. Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce za a bincika.

"Barkama, ka yafe ni," in ji Baba makanike. "Amana biyu aka ɗora mini. Kai ka ce kada Hajiya ta sani, ita ta ce kada ka sani. Ni ina zan sa kaina?"

Ya ce ya rasa inda zai ɓoye su ne. Ƙarƙashin kujera da aljihun gaban mota nan masu bincike ke fara sa hannu, kuma a lokacin in aka kama mutum da ƙunshin fata da zare a shinge, kafin ya gama bayani ya kwana a inda ba ya so. Sai ya tuna akwatin iska, wanda ba mai buɗewa. Da ya zo sa ta farko bai kwance maɗaurin tiyon ba, ya dai ɗaga murfin da ƙarfi ya cusa. Da ta biyu ta zo ya sake yin haka. Robar ta tsufa, ta tsage. Shi kuma har ga Allah bai yarda abin tsari zai iya sa wa mota cuta ba, shi ya sa ya yi ta neman laifin a wani wuri da zuciya ɗaya.

Na zaci Injiniya za ta yi dariya, ko ta ce ai ta faɗa tun farko. Ta ɗauki layun da hannu biyu ta miƙa wa Goggo.

"Mama, riƙe. Ba ku kaɗai ba ne. Kwanan nan na cire hankici jiƙe da man addu'a a akwatin motar wani fasto, shi ma haka motar ya rame. Ni ma uwata ya ɗinka mini wani abu a cikin jakar nan, ya ce kada in buɗe. Kowa yana tsoro. A dai nemi wurin da ba hanyar iska ba."

Ta nuna mana wata 'yar na'ura a bakin tiyon, mai siririyar waya kamar gashi, wadda ke auna iskar da ke shiga. Maiƙon turaren ya lulluɓe ta, ita ma ta fara ƙaryar awo. Ta fesa mata wani ruwa na musamman, ta hana kowa taɓawa da hannu, ta bar ta ta bushe. Mai kayan mota ya hau keke ya je ya kawo tiyo da sabuwar matata, yana gunagunin cewa duk shagonsa babu abin da ya kai su araha. Aka ɗaura, aka goge lambobin, na tada mota. Ta tsaya a silo lumui, har sai da na leƙa allura don in tabbata tana kunne. Adadin nan da ya haye sama ya sauko ya zauna.

A hanyar komawa Kawu da Goggo suka yi ta yi da Fulatanci a kujerar baya. Ita tana tambayarsa wane Modibbo ne, wato malami, ya rubuta masa tasa, kuma da wane baki yake yi wa baƙinta lacca. Shi yana cewa tasa ba laya ba ce, addu'a ce da aka rubuta don kada a manta. Ta ce to baƙin zaren fa, shi ma don kada a manta ne? Muka wuce shingen sojoji suna cikin wannan, motar ko tari ba ta yi ba, su kuma ba su ma lura mun wuce ba.

Laccar la'asar ta tsaya daga ranar. Goggo ta farke bayan kujerar direba ta ɗinke layun biyu a ciki, don haka ni na ci gaba da jingina da su. A masallaci kuwa Kawu ya ba da rahoton cewa matsalar ta kwamfuta ce mai sarƙaƙiya, kwamitinsa ya gano ta bayan dogon nazari, tare da gudummawar wata ƙwararriya. Kalmar tiyo ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Amma duk wanda fitilarsa ta kama a cikin abokansa, Karewa yake tura shi, ya ce a ce darakta ne ya aiko. Baba makanike ya yi wata guda ba ya zuwa gaisuwa, sai da Goggo ta aika masa da tuwo da miyar kuka sannan ya dawo.

Ba mu gudu ba. Mutanen nan ba su shigo Yola yadda muke tsoro ba, ko da yake garin ya ga nasa baƙin cikin. Da hanya ta buɗe, jif ɗin ce ta riƙa mayar da dangi garuruwansu, sawu bayan sawu, da tabarmi da kwanon rufi a ɗaure a sama. Wasu sun tarar da gidajensu, wasu sun tarar da bango kawai. A irin waɗannan tafiye-tafiyen Kawu ba ya ba da umarni, yakan sauka ya taya sauke kaya.

Motar ta zauna da mu har lokacin da man fetur ya fi ƙarfin ɗan fansho. Ta koma fita ranar Juma'a kawai, daga baya Juma'ar ma ta gagara. Da kakar zaɓe ta zo, yaran wani ɗan takara suka zo suka saye ta, Goggo ta farke kujera ta kwashe kayanta kafin su tafi da ita. Kwanaki na gan ta a Jimeta an shafe ta da fenti kala uku, an ɗaura mata manyan lasifikoki a ka, tana zagaya kasuwa tana yi wa jama'a alkawarin ruwan famfo da titi. Da na je Adarawo na gaya wa Kawu, yana kishingiɗe a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, yanzu ko masallaci sai an riƙe shi. Ya tambaye ni ko yaron da ke jan ta yana da natsuwa. Na ce daga gani ba shi da ita. Ya yi tsaki, ya ce in miƙo masa rediyonsa, lokacin labarai ya yi.